Shekarar da Na Kai Kyalla Tarka

Kafin shekarar da zan ba ku labarinta, abin da na yi imani da shi a fili yake: yaron da ubansa ke shan ƙwaya, a cire shi daga gidan, a kai shi inda zai ci ya ƙoshi, ya yi barci, ya je lakwal, wato makaranta. Ban ɗauki wannan rashin tausayi ba. A ganina shi ne tausayin da ya san abin da yake yi. Na kuma yi imani da abu na biyu, wanda aka koya mini a jami'a a Yamai, na riƙe shi da muhimmanci: wanda aka aika ya auna aiki ba ya sa hannu a cikin abin da yake aunawa. Ya duba, ya yi tambaya, ya rubuta, ya tafi. Da waɗannan biyu na ci abinci, na ciyar da ku, har na wuce shekara arba'in. Ina rubuta wannan babi ne domin na ji abin da wasu dangi ke gaya muku, wai korata aka yi daga aiki, shi ya sa muka bar Damagaram muka koma Belbeji. Ba haka aka yi ba, ko da yake maganar tasu ba ta rasa ɗan abin kamawa ba. Gara ku ji daga bakina.

Wata ƙungiya ta waje ta yi shekaru tana ɗaukar nauyin wani furoje, wato shirin taimako, a yankin Damargu, domin yaran da iyayensu maza suka faɗa shan ƙwayar tramol. Yawancin mazan nan a wajen haƙar zinariya a arewa suka koyo shi, inda ake haɗiyarsa don jiki ya manta da gajiya. Wasu kuma a bakin rijiyoyinmu masu zurfi suka fara, lokacin da rani ya tsananta, dabbobi suna kuka, guga ba ya hutawa. Furojen yana da reshe biyu. Na farko gidan yara ne a Tanut, inda ake kai yaran su zauna, su yi karatu, su koma gida lokacin hutu. Na biyu a ƙauyukan kwarin Tarka yake, inda ake barin yaro a ɗakin uwarsa, a ba shi aron akuya. Masu ba da kuɗi sun ce ƙarfinsu ya ragu, reshe ɗaya kawai za su iya riƙewa. Ni aka aika in duba duka biyun, in faɗi wanda ya fi amfani ga yara.

Da gidan yara na fara, kuma ba zan rage masa komai ba, ko a yau. Ɗakuna a share, tuwo a kan lokaci, yaran da suka zo da ƙashin wuya a waje sun murmure. Matan da ke kula da su masu tsoron Allah ne. Abu ɗaya kawai na lura da shi, ban kuma san inda zan ajiye shi a rahotona ba: duk motar da ta tsaya a ƙofa, sai yaran su bar wasa su zo su tsaya a bakin katanga, ba sa magana, har sai sun ga wanda ya fito. Na bar Tanut da tabbacin cewa rahotona ya riga ya rubuta kansa, zuwa Tarka cika sharaɗi ne.

Reshen Tarka a kan habbanaye aka gina shi. Kalmar ta Fulani ce, amma duk Damargu mun are ta, manomi da makiyayi. Mai dabba yakan ba wanda ya rasa aron ta mace. Mai riƙo ya sha nononta, ƴaƴan da ta haifa nasa ne, bayan ta haihu sau biyu ko uku ya mayar da uwar. Ba a sayar da dabbar habbanaye, ba a yanka ta, ba a dukanta. Kuma mai ita yana da ikon zuwa ya gaishe ta duk lokacin da ya ga dama, babu mai gidan da zai tare masa ƙofa. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa tunanin yana da wuri a aikin biro, wato ofis, ba. Madam Ramatu, wadda ke riƙe da reshen, ta bayyana mini ƙa'idar da suka yi da biron kula da jama'a na Belbeji: gidan da uba yake sha, za a bar yaro a cikinsa muddin akwai mai akuya da ya tsaya masa, yana zuwa, yana gani. In babu, mota za ta zo lokacin buɗe lakwal ta kai yaron Tanut.

Na ga yadda abin yake tafiya a wani gida. Wata tsohuwa ta shigo da sallama, ta ce ta zo gaida akuyarta. Ta shafa bayanta, ta duba hantsarta, sannan ta wuce ta ɗaga murfin tukunya, ta kira yaron gidan ta buɗe masa ido da yatsa, ta tambayi uwar ko mai gidan a gida ya kwana. Babu wanda ya ji haushi. Ni kuwa in na tsaya da mota, maza su sulale ta bayan danga, mata su ce mini lafiya lau. Amma na ga akasin haka ma. Akwai gidan da uban ya kai akuyar kasuwa, mai ita kuma kunya ta hana shi faɗa, yaran suka yi watanni babu mai leƙa su. Saboda haka tunanina bai juya ba. Ya dai daina zama daram.

A haka na isa gidan Gambo, a wani ƙauye da ke gefen kwarin. Dogo ne, ramamme, ya yi shekaru a wajen zinariya ya dawo da ƙwaya kawai. Matarsa Habsu tana da goyo, sai babbar ƴarsu Rabi, mai shekara tara. Sun taɓa samun mai akuya, wani dattijo, amma ranar da ƙwaya ta hau kan Gambo ya zage shi a gaban mutane, dattijon ya kwance akuyarsa ya tafi. Zagin mai habbanaye babban abu ne a can, babu wanda ya sake yarda ya tsaya musu. An riga an gaya wa Habsu cewa in lakwal ta buɗe, za a zo a ɗauki Rabi. Gambo ya tarbe ni a gindin aduwa yana dariya, yana ce mini Mushe, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci.

“Mushe, kai ne mai awon? To auna ni. A can arewa ma an auna ni, aka tankaɗe, aka ce ƙasa ce zalla.”

Habsu ba ta yi dariya ba. Ta zauna nesa kaɗan, tana jijjiga goyonta.

“Mushe, ba zan ɓoye maka ba, yana sha. Ya sayar da tumaki, ya sayar da jaki, ya buɗe rumbu tun rani bai yi nisa ba. Amma bai taɓa ɗaga wa yarinyar nan hannu ba. In aka tafi da ita, da wa zan yi magana a gidan nan?”

Muna cikin haka Gambo ya miƙe zai ɗauko buta, sai ya faɗi. Jikinsa ya sandare, ya shiga karkarwa, kumfa a baki. Tramol yana yin haka. Na san wannan a karatu, amma ban taɓa gani ba, na tsaya da alƙalami a hannu. Rabi ce ta ajiye faifan da take tsince hatsi, ta janye murhun shayi daga kusa da ƙafarsa, ta dafa kafaɗarsa da gwiwarta ta juya shi gefe, ta cusa ɗankwalinta ƙarƙashin kansa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi sauri ba.

“Zai tashi, Mushe,” ta ce mini. “Kada ka zuba masa ruwa, ba ya so.”

Da ya lafa, na tambaye ta ko tana son zuwa Tanut. Ta dubi faifanta.

“An ce akwai gado a can. Amma Inna ba ta iya juya shi ita kaɗai, ga goyo.”

Ku sani, wannan amsar ba ta sa na ga ya kamata a bar ta ba. Ta ƙara mini ƙarfi ne a kan a ɗauke ta, domin bai dace yarinya mai shekara tara ta san yadda ake juya uba ba. Amma a hanyar komawa na kasa raba kaina da wata tambaya: shin gidan ne ya yi mata nauyi, ko kuwa rashin wani babba da zai shigo ya ɗauki rabin nauyin? In na biyun ne, to magani ba mota ba ce. Kuma abin da ya tsaya tsakanin Rabi da ɗakin uwarta bai wuce mutum ɗaya da akuya ɗaya ba.

Na koma Damagaram hutun ƙarshen mako. Bayan la'asar muna tsakar gida, na ba da labarin kamar yadda nakan ba da labarin aiki, ba tare da ina neman shawara ba. Kakarku Iya, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana kan tabarma tana jan carbi. Ba ta kiran sunana, domin sunan uban mijinta aka sa mini, Abba take ce mini.

“To Abba, wa ya hana ka?”

“Aikina ya hana ni, Iya. An aike ni in duba ne, ba in shiga ba.”

“Aikin naka cewa ya yi kada ka ba da aron akuya? Wannan wane irin aiki ne, na gwamnati ko na aljanu?”

Mahaifiyarku ta yi dariya, amma ita ce ta fi kowa ganin nisan abin. Ta tsayar da keken ɗinkinta ta juyo.

“Malam, habbanaye ba sadaka ba ce da za ka ajiye ka juya baya. Wanda ya bayar sai ya riƙa zuwa. Daga nan zuwa Tarka tafiyar yini ce. In za ka je sau biyu ka gaji, ka bari a kai yarinyar Tanut, ya fi mata alheri. In kuwa da gaske za ka yi, to ba daga Damagaram za ka yi shi ba, ka sani na sani.”

Na ce mata mutanen da take yi wa ɗinki a nan suke, makarantarku ma a nan take, kuma da wuya a sake ba ni irin wannan aiki. Ta ajiye zaren da ke hannunta.

“Kekena ba ya tambayar sunan gari. Amma kada ka ce don ni ka fasa, kada kuma wata rana ka ce ni na sa ka.”

Akuya ɗaya ce a gidan, Kyalla, mai farin goshi, wadda Iya ta ba ki ranar sunanki, Zainabu. A lokacin kina da shekara takwas. Ni da na so in saya wata a kasuwar Belbeji, Iya ta ce a'a, dabbar kasuwa ba ta da dangi, wadda aka sani a gida ita ake bayarwa, kuma sai an tambayi mai ita. Aka kira ki daga waje. Na yi miki bayani da kalmomin manya, ban ga alamar kin gane ba, sai Iya ta ce miki akwai wata yarinya da ba ta da nonon sha. Kika je kika tsaya a turke kika daɗe, sannan kika dawo da idonki cike da hawaye.

“A gaya mata ba ta son a ja mata kunne. Kuma aro ne, Baba, ko?”

Na ce aro ne.

Kafin in ɗaura mata igiya na kira diraktan da ya aike ni, a Yamai, na gaya masa abin da zan yi. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko na fahimci cewa rahoton wanda ya zama mai akuya ba zai karɓu ba a kan rigimar akuya da gidan yara. Na ce na fahimta, kuma da ni ne a kujerarsa haka zan yanke. Ya ce zai ba wani aikin. Muka yi sallama cikin mutunci. Wannan ita ce korar da kuke ji ana faɗa.

Saura abu ɗaya, wanda ba a hannuna yake ba. A al'ada, habbanaye ba ya ƙulluwa sai mai gida ya karɓi igiya da hannunsa a gaban shaidu, domin da igiyar yake buɗe ƙofarsa. Aron akuyar na Rabi ne, amma in Gambo ya ƙi miƙa hannu, shi ke nan. Muka taru da hantsi a gindin aduwar nan, ni da Madam Ramatu da mai gari da liman. Habsu tana bakin danga, Rabi a bayanta. Gambo ya fito, idonsa a washe ranar, ya zagaya Kyalla, ya buɗe bakinta ya dubi haƙora, kamar mai ciniki. Sannan ya dube ni, babu dariya.

“Mushe, ka gaya mini gaskiya a gaban liman. Akuya ka kawo mini, ko ido?”

Na ji mai gari ya yi gyaran murya, yana so in sassauta. Amma na san in na fara da ƙarya, da ita zan ci gaba.

“Duka biyu, Gambo. Zan riƙa zuwa. Zan duba akuya, zan duba tukunya, zan duba Rabi. In na ga gidan ya fi ƙarfinta, ni da kaina zan kira motar.”

“Ka ji shi, Liman? Ko kunya babu.” Ya juya ya dubi ƴarsa. “Ranar da ka zo ka same ni a ƙasa fa? Rubutawa za ka yi?”

“Na bar rubutu. Juya ka zan yi, ita ta je ta yi wasa.”

Gambo ya miƙo hannu. Ya riƙe igiyar, liman ya yi addu'a, aka shafa. Sai Gambo ya miƙa wa Rabi, ya ce mata ta kai baƙuwa inuwa. Na isar da saƙonki game da kunne, Zainabu. Rabi ta karɓe shi da muhimmanci, kamar umarnin likita.

Kafin ƙarshen damina na nemi aikin koyarwa a kwalejin Belbeji, aka ba ni, muka tattara. Kun bar makarantar da kuka saba, kuka bar abokanku, mahaifiyarku ta fara neman masu ɗinki daga farko. Ni kuma na shiga zuwa gaida Kyalla. Ba kullum ake murna da ganina ba. Akwai ranar da Gambo ya ƙi fitowa, akwai ranar da ya kira ni ɗan sandan akuya, akwai lokacin da ya ɓace ya koma arewa, na riƙa kai hatsi a bayan moto, wato babur. Na juya shi da hannuna ba sau ɗaya ba. Sau ɗaya na ɗauki waya zan kira Madam Ramatu, Habsu ta roƙe ni in ƙara mako guda, na ƙara, har yau ban tabbata na yi daidai ba, ko da yake Allah ya rufa asiri. Amma Gambo bai taɓa kai Kyalla kasuwa ba, ko a ranar da babu abin da bai nema ya sayar ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye muku ba. Wanda aka ba aikina ya zaɓi gidan yara, aka rufe reshen Tarka bayan shekara guda. Hujjojinsa masu ƙarfi ne, na karanta su, wasu ma ni na tattara su. Biron Belbeji ya ci gaba da mutunta alkawarin gidajen da suke da mai akuya, amma ba a ƙulla sababbi ba. Na sha tambayar kaina: da na riƙe hannuna na rubuta rahoton, da na ceci reshen ga gidaje masu yawa? Ko kuwa da gidan yara zan zaɓa ni ma, tun da da wannan niyyar na tafi? Ban san amsar ba. Ina koya wa ɗalibaina cewa ƙa'idar nan ta mai awo kada ya sa hannu tana da dalili, kuma ban janye wannan ba. Abin da na janye shi ne tabbacin da nake da shi cewa nisanta yaro da uba mai sha shi ne kullum mafi alheri. Yanzu tambayar da nake fara yi ita ce: wane babba ne yake da ikon shiga gidan nan ba tare da an ji kunya ba, kuma zai ci gaba da zuwa?

Abin da ya fi yawa a zuciyata idan na tuna shekarar nan godiya ce. Ina gode wa Iya, da ta yi mini tambayar da ban yi wa kaina ba. Ina gode wa mahaifiyarku, da ta ga tsadar abin kafin ni, ta biya mafi yawanta, ba ta taɓa goranta mini ba. Ina gode muku, da kuka biya ba tare da an nemi yardarku ba, ban da ke Zainabu da aka tambaya, kika bayar kina kuka. Ina kuma gode wa Gambo. Mutumin da ya rasa garke da rumbu da mutunci a idon ƙauyensu, abu ɗaya ya rage masa, ikon rufe ƙofarsa, shi ya ba ni saboda ƴarsa. Ban ba shi abin da ya kai wannan ba.

Gambo bai daina sha a shekarar ba, ko a wadda ta biyo. Ya daina, ya koma, ya sake dainawa, da taimakon likitan Belbeji, yanzu ya yi shekaru yana jan ruwa a rijiya da ƙarfin jikinsa. Da lakwal ta buɗe a waccan shekarar, motar Tanut ta zo kwarin Tarka ta ɗauki yaran da za ta ɗauka, ba ta tsaya a ƙofarsa ba. Rabi ta girma a ɗakin uwarta.